Dokta Aminiasi da Tsohuwa A

A can ƙarshen barandar bene na biyu, inda rufi yake yoyo, akwai wani ofis a jami'armu da babu sashen da ya yarda nasa ne. Nan Dokta Aminiasi Volau ya yi shekara goma sha tara yana zaune. 'Yan tarihi sun ce ɗan adabi ne. 'Yan adabi suka ce haba, mutumin da ke yawo da fasassun tukwane a aljihu ai na masu tonon ƙasa ne. Masu tonon ƙasa kuwa suka rantse ba su taɓa ganin wanda ya zo wurin tono da rikoda yana rera waƙa ba. Da aka rasa yadda za a yi da shi sai aka kafa masa allo a ƙofa, aka rubuta Cibiyar Nazarin Fannoni Daban-daban. Shi ne shugaban cibiyar, shi ne mataimakin shugaba, shi ne kuma mai tara bokiti in ruwan birninmu Suva ya kece, wato kusan kullum.

Abokinsa Dokta Vimlesh na sashen tarihi ba ya kiransa da komai sai Jemage.

"Jemage, kai ba tsuntsu ba kai ba dabba ba, yau a wane reshe ka kwana?"

"A reshen da ubanka ya faɗo," in ji Aminiasi, sannan su tafi shan shayi tare.

A wani ƙauye na bakin kogin Sigatoka aka haife shi. Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsa ta rasu, ƙanwar ubansa, Salanieta Lewatu, ta ɗauke shi. Ita ce Nei ɗinsa, wato gwaggon da ta zama uwa, ita kuma Mini take kiransa. Maginiyar tukwane ce, irin waɗanda ke sa dutse a cikin tukunya su riƙa bugun bayanta da ɗan katako har ta yi siffa. A gindin aikinta ya yi rarrafen karatu, da tukwanenta ya yi makaranta, har ya samu gurbin karatu ya ƙetare teku ya tafi birnin Canberra. Ya yi shekara shida can, ya dawo da digiri na uku da ɗan tumbi da wata sabuwar ɗabi'a ta cewa "a wani ɓangaren kuma" ko da gishiri aka ce ya miƙo. Ya auri Kelera, ma'aikaciyar jinya, mace mai gajeren zance, suka haifi 'ya'ya uku da babu ko ɗaya a cikinsu da ya san takamaiman aikin ubansu.

Yana da shekara arba'in da ɗaya ya gano abin da ya zama aikin rayuwarsa, kuma a bayan ɗakin da ya girma ya gano shi. Ya je hutu, yana zaune yana ɓare rogo, Nei ta jera tukwane ta rufe su da ɓawon kwakwa ta cinna wuta, ta fara waƙar nan tata da ya sha ji tun ba shi da wayo. Sai ranar ya lura ba ta taɓa duba wutar. Waƙar take bi. In ta kai baiti na biyar ta ƙara ɓawo, in ta kai na tara ta zaro tukunya da sanda ta goga mata ƙaro tun tana da zafi, ta fito tana ƙyalli. In iska na kaɗawa akwai baitin da take tsallakewa. Waƙar ita ce agogonta, daga kakarta ta gaje ta. Mu 'yan boko ke nan, sai mun ƙetare teku mun karanta littafi ɗari biyar kafin kunnenmu ya ji abin da ake rerawa a tsakar gidanmu.

Rogon ya faɗi daga hannunsa. "Nei, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Gashin tukunya nake yi. Ko a Canberra wani suna gare shi?"

Ya roƙe ta ta bar shi ya ɗauki waƙar ya rubuta a kai. Sai da tukunyar ƙarshe ta huce, sannan ta goge hannu a zaninta ta ce, "Kana ƙarami wata baturiya ta zo nan. Kwana tara ta yi, ta ci kifina, ta ɗauki hotona ina aiki. Bayan shekaru wani malamin makaranta ya kawo mini littafin. Ga ni nan, ga hannuna, ga tukunyata, a ƙasa an rubuta wai wata mata 'yar ƙauye. Ni ba wata mata ba ce, Mini. In za ka rubuta, ka rubuta Salanieta Lewatu, baƙi da baƙi, in gani da idona. In ba haka ba ka bar mini waƙata."

Ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Har haushin baturiyar ya ji, ya yi wa Nei laccar minti ashirin a kan yadda baƙi suke shafe sunayen masu ilimi, ita kuwa tana ta kwashe toka.

Shekara guda ya yi yana rubutu. Maƙala ta fito shafi talatin da biyu, kuma gaskiya ta yi kyau, ko maƙiyinsa ba zai ce ba ta yi ba. Sai dai ita ma jemage ce kamar mai ita. Ya aika wa mujallar masu nazarin kiɗa da waƙa, bayan wata takwas suka ce abin sha'awa ne ƙwarai, amma yumɓu ya yi yawa. Ya aika wa masu tonon ƙasa, suka riƙe shekara guda suka ce waƙa ta yi yawa, kuma tukwanen ba su tsufa ba, tunda mai su tana raye. Wata mujallar nazarin mata ta ce ina ma mace ce ta rubuta. Wata kuma ta nemi ya ƙara ambaton wani Bafaranshe da bai taɓa ganin tukunya a wuta ba. Ya ƙara Bafaranshen, suka ce yanzu kuma ta yi tsawo.

Akwai wata al'ada tamu da ba a tsallakewa. In za ka aika maƙala, sai ka cire sunanka daga ko'ina, don alƙalan da za su karanta kada su san ta wane ce. Duk inda ka ambaci tsohon aikinka sai ka goge sunan ka sa Marubuci. To, mu da muke wannan fanni a duk faɗin tsibiran tekun nan namu ba mu fi cika bas ɗaya ba, kowa ya san warin alƙalamin kowa, amma haka muke yi, wasan ɓuya a ɗaki guda. Aminiasi ya bi maƙalarsa ya goge kansa wuri goma sha ɗaya. Da ya zo kan sunan Nei sai ya tsaya. Duk wanda ya san shi ya san gwaggonsa, domin babu taron da ya je bai ba da labarinta ba. Barin sunanta daidai yake da sa hannu. Sai ya maye gurbinsa da Tsohuwa A, ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne, ranar da aka karɓa zai mayar.

Ɗan lokacin nan shekara bakwai ya yi.

Kowace Kirsimeti in ya je gida, bayan an fito daga coci an zauna cin abinci, sai Nei ta dube shi ta saman tabarau.

"Dokta, ina sunana?"

"Yana hannun alƙalai, Nei."

"Alƙalai? Me na sata?"

"Ba irin waɗannan ba. Masana ne, suna dubawa ko aikin ya inganta."

"Su wane ne?"

"Ba a faɗa."

"Sun iya ginin tukunya?"

"A wani ɓangaren..."

"Ba su iya ba ke nan. Ci gwazarka."

Tun tana tambaya da dariya har ta koma tambaya a hankali. Hannunta ya fara rawa, ta daina manyan tukwane. Tabarau ya ƙara kauri. A Kirsimeti ta shida ba ta tambaya ba sam, kuma wannan ya fi masa ciwo. A bas ɗin komawa Kelera ta ce masa, "Matar nan shekararta tamanin da ɗaya. Ni a asibiti nake aiki, na san abin da nake gani. Ka buga abin nan ko a takardar naɗe burodi ce."

"Ba haka ake yi ba, Kelera. Sai mujallar da ake ƙirgawa."

"Wa ke ƙirgawa?"

Ya juya yana kallon taga, don amsar ita ce kwamitin ƙarin girma, kuma ya san yadda za ta dube shi.

A shekara ta bakwai Allah ya kawo wata mujalla a Melbourne, irin ta jemagu 'yan uwansa, wadda wata Farfesa Halloran take shiryawa daga teburin cin abincinta. Alƙali na farko ya yaba. Alƙali na biyu ya rubuto shafi huɗu na ƙorafi, a ciki har da cewa marubucin yana yawan cewa "a wani ɓangaren kuma". Aminiasi ya ɗauki takardar ya nufi ofishin Vimlesh.

"Kai ne."

"Ni ne me?"

"Alƙali na biyu. Wa ya san wannan in ba kai ba?"

"Jemage, duk Suva an sani. Mai sayar da abarba a bakin ƙofa ma ya sani."

Har yau Vimlesh bai amsa laifin ba, bai kuma musa ba. Aminiasi ya yi gyaran, ya cire ɓangarori goma sha huɗu ya bar uku don kada a ce ya ji tsoro, aka karɓi maƙala. Ranar ya sayo kifi babba, ya kira ƙauye a waya yana ihu kamar wanda aka yi wa haihuwar fari. Nei ta ce, "To, madalla. Sai na gani."

Bayan wata huɗu Farfesa Halloran ta aiko da shafukan yadda za su fito a bugu, ta ce ya duba, kwana uku gare shi, kuma ya tuna ya mayar da duk abin da aka ɓoye saboda alƙalai. Ya rufe ofis, ya kashe waya. Ya sa kwamfuta ta nemo masa kalmar Marubuci, ta nemo, ya bi ɗaya bayan ɗaya yana mayar da Volau, yana ƙirgawa da yatsa har goma sha ɗaya. Ya sake bi don kada ɗaya ya kuɓuce. Nan ya hango an rubuta sunan cibiyarsa ba daidai ba, an cire Daban-daban. Kai, ranar an ga tashin hankali! Saƙo shida ya aika Melbourne a kan wannan. Kwana na biyu ya tafi a kan wani ƙarin bayani na ƙasan shafi, inda ya soki wani farfesan Auckland da ya taɓa yi masa dariya a taro, edita ta rage masa kaifi, shi kuma ya ce sai an mayar. Kwana na uku ya yi faɗa a kan waƙafi. Ya ci nasara a duka ukun. Ya aika da yamma, ya fito baranda yana miƙa, ya ce wa Vimlesh bai taɓa duba aiki da kyau irin wannan ba.

Mujallar ta iso ta gidan waya a watan Yuli, kwafi biyu. Ya yi abin da dukanmu muke yi. Ya buɗe shafin farko ya ga sunansa, ya juya can ƙarshe wurin jerin littattafai ya ga sunansa sau biyar a jere, ya duba ƙarin bayanin nan na farfesan Auckland ya ga yana nan da kaifinsa, ya sunsuni takardar. Tsakiyar kuwa me zai karanta, abin da ya haddace?

Kelera ta ce, "Ka duba komai?"

"Sau uku."

Ranar Asabar suka hau bas, shi da sabon sulu, zanen da mazanmu ke ɗaurawa, da ƙunshin gaisuwa na saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a taro, mujalla a cikin leda biyu saboda ruwa. Ashe labari ya riga su. Nei ta gaya wa matan coci, matan coci sun gaya wa ƙauyuka uku. An haƙa rami tun safe an gasa alade da kaji da gwaza, an shimfiɗa sababbin tabarmi a babban ɗakin taro. Tsofaffin maginan tukwane guda shida da suka rage sun zo, kowacce da rigar zuwa coci. Nei tana tsakiya, an sa mata fure a kunne. Aka karɓi kava, aka yi jawabi, aka tafa, aka sha. Aminiasi ya rarrafa a kan gwiwa ya miƙa mata mujallar da hannu biyu, ya buɗe mata inda maƙalar ta fara.

Turancin Nei bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, amma ta yi aji huɗu a makarantar mishan, kuma ta san sunanta ko a duhu. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a layin farko ta fara bi.  Ta gama shafi, ta lashi yatsa, ta juya. Aminiasi yana gefenta yana murmushi, idonsa na bin yatsan. A shafi na uku yatsan ya bi ta kan wasu kalmomi biyu ya wuce, shi kuwa idonsa ya tsaya a kansu.

Tsohuwa A.

 Ya leƙa ƙasa, ga ta nan kuma. Tsohuwa A ta ce. Tsohuwa A tana ƙara ɓawo a baiti na biyar. A ƙarƙashin hoton hannuwanta, hannuwan da suka yi masa wanka, an rubuta hannun Tsohuwa A.  Yau kam babu wani ɓangaren kuma. Ya dubi Kelera a can cikin mata, ta dube shi, ta gane, ta sunkuyar da kai.

Nei ba ta yi sauri ba. Shafi talatin da biyu ta bi, layi layi, mata suna jira, alade yana hucewa. Duk inda ta ci karo da Volau yatsan yakan ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Da ta zo kan hoton ta daɗe, ta kawo takardar kusa da ido, ta karanta abin da ke ƙasa, leɓenta na motsi. Ta kai shafin ƙarshe. Ta koma kan hoton.

Wata tsohuwa daga baya ta kasa haƙuri. "Salanieta, ki nuna mana mana! Ko sai mun mutu da yunwa?"

Nei ta ɗaga mujallar sama ta juya ta wajen matan, daga nesa, ta dafa yatsa a ƙarƙashin hoton ta rufe rubutun.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ɗana ya rubuta."

Ɗaki ya ɗauki tafi da shewa. Aka fara waƙa, wata ta tashi tana rawa, aka zo ana shafa wa Aminiasi hoda a kumatu ana rataya masa furanni, ana cewa Dokta ya fitar da su kunya, Dokta ɗan halak ne. Wata ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta gani, Nei ta rufe mujallar ta sa a ƙarƙashin cinyarta ta ce hannunsu duk maiƙo ne. Haka ya zauna da furanni a wuya aka cika masa faranti, yana tauna nama kamar yana tauna tsumma. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma bai taɓa sanin yana son matar nan haka ba.

Da la'asar, mutane sun watse, bas ɗin Suva ya kusa, ya sami Nei a bayan ɗaki tana zaune a kan kututture. Ya durƙusa.

"Nei, kuskure ne. Saboda alƙalai na cire, na manta ban mayar ba. Zan rubuta musu ranar Litinin, za su buga gyara a fitowa ta gaba."

"Yaushe ke nan?"

"Wata takwas. Ko shekara."

Ta gyaɗa kai. "Naka ma ka cire saboda alƙalan?"

"Na cire."

"Amma shi ka tuna."

 Ta zaro mujallar, ta mayar da ita cikin ledojin nan biyu, ta ƙulle bakin da kyau kamar yadda ya kawo ta, ta ɗora masa a hannu.

"Tafi da abinka, Mini, nan ɓeraye za su ci. Matar nan ta cikin littafin ta iya aiki, ban ga inda ta yi kuskure ba. In ka gan ta ka gaishe ta."